Tutar da Ba a Yi wa Faci

Ranar Lahadi ta farko a watan Oktoba, Tena MacAskill ta zo zama a bencinta na cocin Glen Tarbet, sai ta tarar da zare a kai. Ba wani mai yawa ba ne, silili uku ko huɗu na shuɗin siliki, da ɗan gari-gari kamar an murtsuke busasshen ganye. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta sa a tsakiyar littafin waƙoƙinta, sannan ta ɗaga kai. Daga nan har aka tashi ba ta san abin da fasto ya faɗa ba.

Tutar bataliyar sojan yankinsu ce rataye a samanta, sandarta soke cikin wani ƙarfe a jikin bango, ƙyallen ya zubo ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wurin, shekara talatin da ɗaya kuma Tena na zama a ƙarƙashinta, ba don bencin ya fi sauran daɗi ba, don kuwa duk iskar da ta shigo ta ƙofa a nan take fara sauka. A jikin tutar akwai sunayen wurare goma da bataliyar ta yi yaƙi, kowanne a kan ɗan ƙyallensa, da zaren zinariya. Tara daga ciki ba ruwanta da su. Na goman, mai cewa ORTONA, ita ta ɗinka shi da hannunta, kuma shi ne yanzu ya saki ta gefe ɗaya yana reto.

Sai an san Tena kafin a san abin da wannan reton ya yi mata. Shekararta saba'in da shida, sittin daga ciki da allura a hannu ta yi su. Duk kilt, wato zanen nan na maza mai ninki-ninki, da namijin Glen Tarbet ya ɗaura ya fito fareti, ita ta daidaita masa ninki, kuma har yau ba ta daina yi musu gori ba, wai ƙarti da gemu sun zo wurin mace su koyi ɗaurin zane. Ba ta iya ganin maɓalli na lilo ta kau da kai. An taɓa ganinta ta tsare ango a ƙofar coci tana kama masa bakin hannun riga, amarya na ciki tana jira, masu algaitar salka na ta maimaita waƙa ɗaya har kumatunsu suka gaji. Hali zanen dutse. Mace irin wannan ce aka ce ta zauna ta zuba ido ɗinkin da ta fi so a duniya yana warwarewa a saman kanta.

Ƙanenta Lauchie ne ya rage a fagen yaƙin Ortona. Ita ta raine shi, domin uwarsu ta rasu yana da shekara huɗu, ubansu kuwa ramin kwal ya cinye masa yini da ƙarfi. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya, Lauchie ya cika sha bakwai, siriri, kunnuwa fato-fato, ga dariya ba dalili. Samarin gari suna ta wucewa ta gaban gidansu da hular soja mai shuɗin gashin tsuntsu, shi kuwa an ce sai ya ƙara shekara. Ya tasa Tena a gaba kwana da kwanaki, wai ta gyara masa kwat ɗin babansu ya yi kama da babban mutum. Ta ƙi, ta ƙi, ranar nan ta yarda. Ta cusa auduga a kafaɗu, ta shimfiɗa tsohon bargo a ƙirji, ta yi aikin da ko ita sai da ta yaba. Ya tsaya gaban madubi ya bubbuɗa, ya ƙanƙance ido, ya yi muryar manya, suka yi dariya har ta riƙe ciki. Ya fita da safe a cikin kwat ɗin, ya dawo da yamma da hula mai gashi.

Bayan shekara ɗaya da rabi takardar tangarahu ta zo, ta ce an neme shi an rasa. Daga baya aka ji sauran: wani gida da aka dasa wa nakiya ya rufta da su ashirin da wani abu, aka tono waɗanda aka iya tonowa. Babu gawa, babu kabari. An ce an rubuta sunansa a wani bango can Italiya tare da na dubban mutane, amma Tena ba ta taɓa wuce Halifax, babban birnin yankinsu, ba. Zancen kwat ɗin nan kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanta har ya mutu. Ta haɗiye shi ya zauna mata a ƙirji, kullum da safe shi take fara ji kafin ta ji sanyi.

Shi ya sa da aka tashi yi wa bataliya sabuwar tuta a 1957, aka ce mata goma na gari kowacce ta ɗauki suna ɗaya, ta riga kowa buɗe baki. Mako uku ta yi a kan haruffa shida. Shekara takwas kacal tutar ta yi tana fita fareti, sai aka aiko daga sama cewa an rufe bataliyar. Aka zo da ita coci da ganguna. Wani hafsa ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku da gindin takobinsa, fasto na wancan lokacin ya buɗe, aka miƙa masa, ya karɓa bisa sharaɗin da aka gada tun kaka da kakanni: za ta rataya a nan har ta koma ƙasa da kanta, ba wanki, ba faci, ba hannun da zai taɓa ta. Tena na tsaye ta ji da kunnenta. Amma a ranar silikin sai sheƙi yake, wa zai tuna da tsufa?

Washegari Litinin ta ɗauki littafin waƙoƙinta ta hau tudu zuwa gidan Murdock Matheson. Shi ne saje-manjo na ƙarshe na bataliyar, kuma shi tsofaffin sojojin da suka rage suke saurara. Sau biyu ya nemi aurenta a zamanin ƙuruciya, sau biyu ta ce masa ta ga gwiwoyinsa a kilt, sun ishe ta. Ya auri wata, ya binne ta, suna nan suna tsokanar juna.

Ta buga ƙofar kicin. "Saje, kana ciki ko ka mutu?"

"Da na mutu ai ke za a fara kira, ki zo ki ce likkafanin ya karkace. Shigo, kina sako mini iska."

Ya zuba mata shayi baƙi ƙirin, ya tura mata burodi da maɗin rake. Ba ta taɓa ba. Ta buɗe littafin a kan tebur ta nuna masa zaren.

Ya duba, ya gyaɗa kai. "Na gani. Tun bazara nake gani."

"Kana gani ka yi shiru?"

"To me zan ce? Tsufa take yi. Ni ma ga haƙorana nan a kofi."

"Awa ɗaya nake so, Murdock. Ka riƙe mini tsani. In sa mata 'yar raga ta baya, in kama gefen nan, ko kai mai idon mikiya ba za ka gane an taɓa ba."

"A'a."

"Ban gama magana ba."

"Ko kin gama, a'a ce. Tena, abin nan ba labulen ɗakinki ba ne. Soja ce. Ta yi aikinta, an kawo ta ɗakin Allah ta huta. Ba a ta da ta."

"Soja in ya ji rauni ba a ɗinke shi?"

"Wanda ke bakin aiki, ana yi. Wanda aka sallama ya tafi hutunsa, sai a bar shi da Mahaliccinsa."

Ta yi tsaki. "Wa ya kafa wannan doka? Wani tsohon janar mai tumbi da bai taɓa zura zare a allura ba."

"Ko ma wane ne, ina bayan tutar nan da bindiga a kafaɗa ranar da aka miƙa ta. Na ji, na ce to. Ba zan zo da furfura in ce ban ji ba."

Nan fa muryarta ta sauka, tsokanar ta fita daga ciki. "Kai kana da inda za ka je. Matarka na bayan coci da dutsenta da furanninta, in ka ga dama ka je ka yi mata ƙorafin ƙafarka. Ni fa? Haruffa shida gare ni a duniya. In suka faɗi, ina zan zauna ranar Lahadi?"

Murdock ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari. "Ina wurin, Tena. Kwana biyu muna tonon gidan nan da hannu."

"Na sani."

"Da zan iya dawo miki da shi a bayana, da na yi. Amma ba zan riƙe miki tsani ba."

Ta rufe littafin ta miƙe. "To riƙe dokarka, ta yi maka jinya ranar da ka kwanta." Ta fita ba ta ja masa ƙofa ba.

Ranar Alhamis ita ke da sharar coci. Ƙarfe takwas na safe ta ɗauki makulli a ƙarƙashin dutsen da kowa a gari ya san yana nan, ta shiga, ta ajiye tsintsiya a gefe. A cikin jakarta akwai wani ɗan gwangwanin shayi, a cikinsa ragowar zaren zinariyar nan na 1957, wanda ta ɓoye shekara talatin da tara ba ta san ranar amfaninsa ba. Ta jawo tsanin da ake canja fitila da shi, tana ja tana hutawa, har ta kai shi ƙarƙashin tutar. Ta soke allura a ƙirjin rigarta, ta kama ta hau. Gwiwoyinta na ƙara, ta ce musu su yi mata shiru.

Da ta kai sama ta ga abin da ba a gani daga benci. Silikin duk ya tsattsage siriri-siriri, ya bushe kamar ɓawon albasa. Hayaƙin kwal na shekara talatin ya ci shi, ranar da ke shigowa ta tagar gabas ta ƙarasa. To, duk wanda ya san ɗinki ya san ruɓaɓɓen siliki ba ya karɓar allura. Ita da kanta ta sha korar 'yan mata da suka kawo mata rigunan auren kakanninsu, tana ce musu su kai wa wanda bai san aikinsa ba. Ta sani sarai. Har ta fara neman matakalar ƙasa da ƙafa, sai iska ta ɗan juya ƙyallen da ke reto, ta ga bayansa.

Ta manta, ko kuwa ta sa kanta mantawa. A bayan sunan, inda ba mai gani, ta ɗinka wasu haruffa biyu ƙanana da jan zare: L.M. Suna nan daram, ko kala ba su sake ba.

Ta zare allurar.

Ɗinki na farko ya zauna. Na biyu ya zauna. Zuciyarta ta ce ka gani ko, Saje. Da ta zo jan zaren a na uku, a hankali kamar yadda ta saba, sai silikin ya buɗe. Bai yi ƙara ba. Tsagar ta tafi sama har jikin sanda, ta juyo gefe, rabin tutar ya rabu da ɗan'uwansa ya sauka a kan bencuna, wani gutsure-gutsure, wani gari. Ƙura ta tashi cikin hasken taga. Abin da ya rage a hannun Tena ɗan ƙyalle ne mai tsawon tafin hannu, yana lilo a jikin zarenta.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ta dai tsinci kanta zaune a matakalar ƙarshe ta tsanin, ƙyallen a cinyarta. Garin neman gira an rasa ido. Ta ce a ranta, allurar nan ita ta kai shi, yau kuma ita ta sauke sunansa.

Ƙarfe goma Murdock ya shigo da tsummansa da ɗan gwangwanin man goge tagulla, kamar yadda yake yi kowace Alhamis don goge allon sunayen da ke bango. Ya yi taku uku ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi bencuna. Sannan ya ajiye gwangwanin a ƙasa, ya cire hula, ya haɗe dugadugansa, ya ƙame a gaban tarkacen nan kamar yana gaban kanar. Ya daɗe a haka, ƙafarsa mai ciwo na rawa.

"Faɗi," in ji Tena, ba ta ɗago ba. "Faɗi abin da za ka faɗa."

"Kin ji ciwo?"

"A'a."

"To ba ni da abin faɗa."

Da ya zage ta da ta san yadda za ta yi da shi. Wannan kuwa ya karya ta. Kukan da ba ta yi ba ranar tangarahu, don tana dafa wa babanta abinci, shi ya zo mata yanzu, mai muni, da majina, da sheshsheƙa irin ta yara. A cikinsa ta faɗa masa komai: kwat ɗin, audugar, bargon, dariyar da suka yi gaban madubi. "Ni na tura shi, Murdock. Yaro ne, na mai da shi babba da hannuna, suka ɗauke shi. Da na ƙi, da ya ƙara shekara a gida, da ba ya cikin gidan nan ranar da ya rufta."

Murdock ya zo ya zauna a bakin benci kusa da ita, yana kiyaye kada ya taka komai. Ya dube ta da mamaki na gaske.

"Kwat ɗin? Baƙin nan mai kafaɗu kamar ƙofar rumbu?"

Ta gyaɗa kai.

"Haba Tena. Haba 'yar'uwa. Abin da kike ɗauke da shi ke nan shekara hamsin da uku?" Ya share fuska da tafin hannu. "Ina bayansa a layi ranar. Ba a ɗaukar soja a cikin kwat. Tun daga ƙofa ake cewa kowa ya tuɓe. Tsirara likita ke auna mutum, haihuwar uwarsa. Kwat ɗinki na rataye a ƙusa, shi yana tsaye yana rawar sanyi, haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa. Sajen da ke rubutu ya dube shi ya ce, shekararka nawa? Ya ce sha tara. Duk ɗakin aka fashe da dariya, har likitan. Sajen ya ce, to sha tara, ya rubuta. Mutane suke nema, Tena. Ko a zanen gado ya je da sun ɗauke shi."

Ta daina kukan cak. Ta dube shi kamar ya yi mata magana da wani yare.

"Ba wanda ya gan shi a ciki?"

"Mu dai mun gani a hanya, mun tsokane shi har ƙofa. Ya ce yayarsa ce ta ɗinka, duk wanda ya ƙara magana zai sha naushi. Da kin ga yadda yake taɓa kafaɗun nan."

Mutum zai zaci sauƙi za ta ji. Ta ji, amma ba shi ya fara zuwa ba. Abin da ya fara zuwa wani irin fili ne a ƙirji, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Laifin nan, duk nauyinsa, shi ne zare na ƙarshe da ke tsakanin hannunta da Lauchie. Ashe ba ta tura shi ba, ba ta kuma isa ta hana shi ba. Tafiya kawai ya yi, ya bar ta da allura. Rashin sani ya fi dare duhu, ta yi shekara hamsin da uku a cikinsa don ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi mutumin da ke kan tudu ba.

"Wawa," ta ce a hankali. Murdock bai tambaye ta wa take nufi ba.

Can ta nuna bencunan da haɓa. "Yanzu me za a yi da wannan? Shara?"

"Allah ya kiyaye. Ke kin ji rabin dokar ne kika toshe kunne. In ta gama faɗuwa, tattara ta ake yi, da sandar da komai, a binne a filin coci, kamar yadda ake binne soja. Ba dutse, ba suna." Ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage a jikin sanda. "Kin dai rage mata shekara biyu ko uku. Da ma tana hanya."

Tena ta dunƙule ƙyallen nan a hannunta, ta zura a aljihun rigar sanyinta. Murdock ya ga lokacin da ta yi, ya mai da idonsa kan allon tagulla.

Su biyu suka tsince tarkacen, da fuka-fukin kaza da farar takarda, har azahar. Murdock ya je ya gaya wa fasto da sauran tsofaffin cewa tuta ta faɗi. Bai ce komai game da tsani ba, ba wanda kuma ya tambaya, ko da yake garin ƙarami ne kuma kowa ya san ranar sharar Tena. Ita kuwa ta nemi abu ɗaya: a bar ta ta ɗinka abin da za a naɗe ta a ciki. Murdock ya yi tunani ya ce likkafani ba faci ba ne, doka ba ta hana ba. Ta yanko farin lilin daga zanen gadon uwarsu, ta yi masa kalmasa da ɗinki ƙanana, a jere kamar haƙoran mataji.

Kwana tara ƙyallen na aljihunta. Da shi take zuwa kanti, da shi take dafa dankali da kifinta mai gishiri, in ta zauna shan shayi sai ta fito da shi ta shimfiɗa a gefen kofi. Ta yanke shawara ba za ta bayar ba. Tara sun ishi ƙasa. Wannan nata ne, ita ta ɗinka, kuma in ya shiga rami ba ta da sauran abin da za ta kalla.

Aka yi jana'izar ranar Asabar da hantsi, kafin ƙasa ta daskare. Tsofaffi bakwai suka fito cikin kilt, ƙafafu duk sun shanye, shuɗin gashin hulunansu ya koɗe, biyu a kan sanda, ɗaya a keken guragu. Ko a ranar Tena sai da ta lura ninkin na Murdock ya karkace ta baya, ta danne zuciyarta. Mai algaita ɗaya ya busa waƙar makoki a bakin shinge. An haƙa rami dogo siriri a gefen gabas na coci, saboda tsawon sandar. Aka kawo akwatin katako aka ɗora a kan kujeru biyu, murfin a buɗe, farin lilin a ciki.

Murdock ya tsaya a kan akwatin, ya fara kiran sunayen wuraren da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowane ƙyalle da ɗan yatsa. Bayan kowane suna tsofaffin su amsa, "Muna wurin." Ya kira tara. 

Bai dube ta ba. Bai kira na goma ba, bai kuma ce a rufe ba. Ya tsaya kawai, hannu a gefe, iska na kaɗa masa gashin hula. Fasto ya buɗe baki zai ci gaba, ɗaya daga cikin tsofaffin ya taɓa masa hannu.

Tena ta dubi ramin. Sabuwar ƙasa ja, da saiwar ciyawa, ƙasar Glen Tarbet, taku kaɗan daga inda uwarsu da ubansu suke. Shekara hamsin da uku tana jin haushin duk macen da ta gani a filin nan da furanni a hannu, don suna da rami ita ba ta da shi. Ga rami an haƙa, ga likkafani daga zanen uwarsa, ga abokansa sun sa kayansu sun fito, ga algaita. Abu ɗaya ya rage, kuma yana cikin aljihunta.

Ta fito daga cikin mutane. Ta zura hannu a aljihu. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan lilin, ta juya shi, jan haruffan nan biyu suna sama. Murdock ya sunkuya ya gani. Leɓensa ya motsa, ya miƙe, ya cika ƙirji.

"Ortona!"

"Muna wurin," in ji tsofaffin. 

Tena ta naɗe lilin da kanta, ta daidaita kusurwoyin. Aka rufe, aka saukar da igiya. Fasto ya yi addu'a, sannan ya dubi saje-manjo don ya fara zuba ƙasa, kamar yadda ya kamata. Murdock ya girgiza kai, ya ja da baya taku ɗaya.

"Dangi ke farawa," ya ce.

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta cika tafinta da ƙasa mai sanyi. Ta riƙe ta ɗan lokaci a bakin ramin.

"Ka daɗe a hanya, Lauchie," ta ce, ta buɗe hannunta.